Yadda Ƙasa Mai Tasowa Za Ta Kare Masana'antunta Bayan Ta Buɗe Kasuwarta

Duk ƙasar da ta rattaba hannu a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta ɗauki alkawarin rage kuɗin fito a kan kayan abokan yarjejeniyarta, wani lokaci ma ta soke shi gaba ɗaya, kuma daga ranar da alkawarin ya fara aiki ba ta da sauran ikon ɗaga harajin yadda ta ga dama don kawai wata masana'antarta ta koka. Wannan ne ke sa masu masana'antu a ƙasashe masu tasowa suke ɗari-ɗari da irin waɗannan yarjejeniyoyi, kuma fargabar tasu tana da tushe. Sai dai dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, wadda ta fara aiki a ranar 1 ga Janairun 1995, sun bar wa kowace mamba hanyoyi uku da za ta bi ta ƙara haraji na wani wa'adi ba tare da ta saɓa alkawari ba, kuma galibin yarjejeniyoyin ciniki maras shinge sun bar waɗannan hanyoyi a buɗe. Abin da ke hana ƙasashe da dama cin moriyarsu shi ne rashin shiri, domin babu dokar cikin gida, babu hukumar bincike, babu kuma alƙaluman da za a kafa hujja da su. Idan matsi ya yi yawa sai gwamnati ta koma ga haramta shigo da kaya ko rufe iyaka, matakan da ke ɓata hulɗa da abokan ciniki, su kuma buɗe wa 'yan fasa-ƙwauri kasuwa. Bayanin da ke tafe an yi shi ne domin masu masana'antu da ƙungiyoyinsu da jami'an ma'aikatun ciniki da suke son bin hanyar da za ta tsaya da ƙafarta a gaban shari'a.

A fara da gane irin matsalar

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar duk wani kaya mai araha da ya shigo daga waje a matsayin laifi. Araha kaɗai ba laifi ba ce a dokar ciniki, domin kamfanin da ya fi wani ƙwarewa ko sauƙin kuɗin sarrafawa yana da haƙƙin sayarwa da sauƙi. Saboda haka tambayar farko ita ce, wanne ne daga cikin yanayi uku ake ciki.

Na farko shi ne jibge kaya, wato kamfanin waje ya karya farashi, ya sayar da kayansa a kasuwarku ƙasa da yadda yake sayar da su a kasuwar ƙasarsa. Maganinsa shi ne harajin hana jibge kaya, wanda ake ɗora wa kamfanoni daga wata ƙasa takamaimai, kowanne gwargwadon ratar farashinsa. Kanada ce ta fara kafa irin wannan doka a 1904, Afirka ta Kudu ta bi sahu a 1914, kuma a yau Indiya ce ƙasar da ta fi kowace buɗe irin wannan bincike tun kafuwar WTO, abin da ke nuna cewa makamin ba na ƙasashe masu arziki ba ne kaɗai.

Na biyu shi ne tallafi, wato gwamnatin wata ƙasa ta ba wa masana'antarta kuɗi, ko rance mai rangwame, ko yafiyar haraji, ko kayan aiki ƙasa da farashin kasuwa. Maganinsa shi ne harajin ramuwar tallafi. Sharaɗinsa shi ne a nuna cewa gwamnati ko wata hukumarta ta ba da gudummawar dukiya, cewa gudummawar ta amfanar, kuma cewa an keɓe ta ga wani kamfani ko wata masana'anta ko wani yanki, ba tallafin da kowa ke samu ba ne. Wannan hanya ta fi wahala, saboda gwamnati ake tuhuma, kuma dole a gayyace ta zuwa tattaunawa kafin a buɗe bincike.

Na uku shi ne ambaliyar kaya, inda babu wanda ya yi ha'inci amma kayan waje suka ƙaru cikin gaggawa ta hanyar da ba a yi tsammani ba, har suka yi wa masana'antar gida mummunar illa. Maganinsa shi ne matakin kariya na wucin gadi. Da yake ba a zargin kowa da laifi, sharuɗɗansa sun fi tsauri: illar dole ta kasance mai tsanani, bisa ƙa'ida matakin ya hau kan kayan daga kowace ƙasa ba tare da zaɓe ba, kuma ƙasashen da abin ya shafa suna iya neman diyya.

A karanta yarjejeniyar kafin a yi komai

Kafin a rubuta takardar ƙorafi, a buɗe yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasarku da ƙasar da kayan ke fitowa, a duba babin da ya yi magana a kan waɗannan matakai, domin yarjejeniyoyi sun sha bamban ƙwarai. Wasu sun soke harajin hana jibge kaya tsakanin mambobinsu ɗungurungum, kamar yadda Ostareliya da Niyu Zilan suka yi daga 1990, da kuma yarjejeniyar Kanada da Chile ta 1997. Wasu sun bar shi amma sun ƙara masa tsauri, misali yarjejeniyar Niyu Zilan da Singapo ta 2001 ta ɗaga mafi ƙarancin ratar da za a iya hukuntawa daga kashi 2 zuwa kashi 5 cikin ɗari. Mafi yawa kuwa sun tsaya ne ga cewa kowane ɓangare yana riƙe da haƙƙinsa na WTO.

Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka, AfCFTA, wadda aka sa wa hannu a Kigali ranar 21 ga Maris na 2018, ta fara aiki ranar 30 ga Mayun 2019, ta amince da dukkan matakan uku, ta kuma zayyana yadda za a bi su a rataye na 9 na ƙa'idar cinikin kayayyaki. A cikinta an tsara soke kuɗin fito a kan kashi 90 cikin ɗari na nau'o'in kaya, kashi 7 an ware su a matsayin masu buƙatar lallami da za a buɗe a hankali, kashi 3 kuma an keɓe su gaba ɗaya. Wannan rabo yana da muhimmanci ga mai neman kariya, domin idan kayansa suna cikin waɗanda aka keɓe ko waɗanda wa'adinsu bai yi ba, to harajinsu na nan, kuma wataƙila matsalarsa ba ta yarjejeniyar ba ce, ta rashin karɓar harajin ce a bakin iyaka.

A nan ne ya kamata a duba ƙa'idojin asalin kaya. Sau da yawa kayan da ke shigowa babu haraji ba a ƙasar abokiyar yarjejeniya aka sarrafa su ba, an ratso da su ne daga wata ƙasa ta uku aka sauya musu kwali da takarda. Idan haka ne, aikin na jami'an kwastam ne, su tantance takardar shaidar asali su ƙi ba da rangwamen, ba sai an shafe shekara ana bincike ba. Indiya ta tsaurara irin wannan tantancewa a 2020 saboda wannan dalili.

Doka da hukuma

Babu ƙasar da za ta ɗora ɗaya daga cikin waɗannan haraji ba tare da bincike ba, kuma babu bincike sai da dokar cikin gida da ta fayyace matakai, aka sanar da ita ga WTO, da hukumar da aka ba ikon gudanarwa. Burazil ta kafa sashenta na kare kasuwanci a 1995, Masar ta yi dokarta a 1998, hukumar ITAC ta Afirka ta Kudu ta fara aiki a 2003, Ghana ta kafa dokar hukumarta a 2016, Kenya a 2017. Hukumar ba ta buƙatar ɗaruruwan ma'aikata, amma tana buƙatar mutane iri uku da ba za a iya yi babu su ba: akawun da ya san lissafin kuɗin sarrafa kaya, masanin tattalin arziki da zai auna illa, da lauyan da ya san hukunce-hukuncen WTO. Tana kuma buƙatar samun bayanan kwastam kai tsaye, jigila bayan jigila, ba taƙaitaccen jimlar shekara ba. Ƙasashen da ke cikin tarayyar kwastam ɗaya, wato waɗanda suka soke kuɗin fito a tsakaninsu suka kuma yi harajin bai ɗaya a kan kayan waje, suna iya haɗa ƙarfi su yi hukuma guda, kamar yadda ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suka yi da dokarsu ta bai ɗaya. A ganina wannan ita ce hanya mafi dacewa ga ƙananan ƙasashe, domin harajin da ƙasa ɗaya ta ɗora a cikin tarayyar kwastam ba ya hana kayan zagayowa ta maƙwabciyarta.

Yadda ake haɗa takardar ƙorafi

Wannan shi ne aikin da ya rataya a wuyan masu masana'antu, kuma a nan ne galibin ƙorafe-ƙorafe ke mutuwa. Zan ɗauki jibge kaya a matsayin misali, tunda shi aka fi yi.

Abu na farko shi ne a fayyace kayan da ake magana a kansu, da siffarsu da amfaninsu da lambarsu a jadawalin kwastam, sannan a nuna cewa masana'antar gida tana yin irinsu. Kada a faɗaɗa bayanin don kwaɗayin kama kaya da yawa, domin idan aka cusa nau'o'in da ba a yin su a gida, masu shigo da kaya za su yi amfani da wannan su raunana ƙorafin duka, kuma za a cutar da masana'antun da suka dogara da waɗannan nau'o'in ba tare da an amfanar da kowa ba.

Abu na biyu shi ne goyon baya. Dokar WTO ta ce masu goyon bayan ƙorafin dole abin da suke sarrafawa ya haura rabin abin da masu bayyana ra'ayi, na goyon baya da na adawa, suke sarrafawa, kuma kada ya gaza kashi 25 cikin ɗari na duk abin da ake sarrafawa a ƙasar. Wannan sharaɗi yana da sauƙi a masana'antar siminti ko ƙarfe inda kamfanoni kaɗan ne, amma yana da wuya matuƙa ga manoma da ƙananan masu sana'a da suke warwatse dubbai. Mafita ita ce ƙungiya mai rajistar mambobi da adadin abin da kowanne ke samarwa, ko kuma hukumar ta buɗe bincike da kanta, abin da doka ta yarda da shi a yanayi na musamman idan akwai isasshiyar hujja.

Abu na uku shi ne lissafin ratar farashi. Ana kwatanta farashi biyu ne, na kasuwar ƙasar kamfanin da na fitarwa, kuma dole a mayar da su mataki ɗaya, galibi farashin bakin masana'anta. A ɗauka wani kamfani yana sayar da tan ɗaya na kayansa a gida a kan dala 100 a bakin masana'anta, kayan kuma suna isowa tasharku a kan dala 95. Wanda ya kalli wannan sama-sama zai ce ratar dala 5 ce. Amma idan aka cire kuɗin jirgi da inshora da dako, a ce dala 15, farashin fitarwa na haƙiƙa ya zama dala 80, ratar ta zama dala 20, wato kashi 25 cikin ɗari na farashin fitarwa. Haka nan dole a yi wa kamfanin adalci a cire bambancin da ya samo asali daga haraji na cikin gida, ko yawan kayan da aka saya, ko inganci, ko sayarwa bashi. Idan kamfanin ba ya sayar da kayan a gida da yawa, wato abin da yake sayarwa a can bai kai kashi 5 cikin ɗari na abin da yake turo muku ba, ko kuma yana sayarwa ƙasa da kuɗin sarrafawa, sai a koma ga farashinsa a wata ƙasa ta uku, ko a gina farashi daga kuɗin sarrafawa da na gudanarwa da riba daidai gwargwado. Mai ƙorafi ba a neman ya kawo littattafan kamfanin waje, ana neman abin da zai iya samu ne cikin hankali, kamar rasitai, jerin farashi, rahoton kasuwa da alƙaluman kwastam.

Akwai iyakoki biyu da ya kamata a auna tun kafin a kashe kuɗin lauya. Idan ratar ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba, dole a rufe binciken. Haka kuma idan kayan ƙasar da ake zargi ba su kai kashi 3 cikin ɗari na duk irin kayan da ake shigowa da su ba, sai dai in ƙananan ƙasashen a haɗe sun haura kashi 7.

Abu na huɗu, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne illa da kuma dangantakarta da kayan da aka jibge. An saba duba ratar farashi a tsawon watanni 12, illa kuwa a tsawon shekaru uku aƙalla. Hukumar za ta duba yawan kayan da suka shigo, ta duba ko sun sayar ƙasa da na gida, ko sun danne farashi, ko sun hana shi tashi alhali kuɗin sarrafawa ya tashi. Daga nan za ta bi ma'aunai ɗaya bayan ɗaya: ciniki, riba, yawan sarrafawa, kason kasuwa, yawan amfani da injuna, kayan da suka taru a rumbu, ma'aikata, albashi, kuɗin hannu da ikon samun jari. Kamfanin da ba shi da littattafan da akawu mai zaman kansa ya tantance, ko wanda yake haɗa lissafin kayayyakinsa duka wuri ɗaya, ba zai iya tsallake wannan mataki ba. Shawarata ga duk masana'antar da ke fuskantar gasa daga waje ita ce ta fara ware lissafin kowane nau'in kaya wata-wata tun yanzu, ko da ba ta da niyyar kai ƙorafi.

Sannan dole a faɗi gaskiya game da sauran dalilan da suka jawo koma-baya. A ƙasashe masu tasowa masana'anta tana iya durƙushewa saboda ƙarancin wutar lantarki, tsadar rance, faɗuwar darajar kuɗi, tsofaffin injuna ko fasa-ƙwauri. Doka ta hana a ɗora wa kayan waje illar da waɗannan abubuwa suka haifar, kuma hukumar da ta kau da kai daga wannan za ta sha kaye idan aka ƙalubalance ta. Ba a cewa jibge kaya ne kaɗai sanadi, amma dole a raba illarsa da ta sauran, a nuna cewa shi kansa ya cutar.

Tafiyar bincike

Da zarar hukumar ta gamsu cewa akwai hujjar farawa, sai ta sanar da gwamnatin ƙasar da abin ya shafa, ta buga sanarwa ga jama'a, ta aika wa kamfanonin waje da masu shigo da kaya takardun tambayoyi, ta ba su aƙalla kwanaki 30 su amsa. Duk wanda ya ba da bayanin sirri sai ya haɗa da taƙaitaccen bayani da sauran ɓangarori za su iya gani. Ba a ɗora harajin wucin gadi, wato wanda ake sawa kafin bincike ya kammala, sai bayan kwanaki 60 da buɗe bincike, kuma bisa ƙa'ida ba ya wuce watanni huɗu, ko shida idan masu fitar da kayan suka nema. Jami'ai suna iya zuwa har masana'antar kamfanin waje su duba littattafansa da yardarsa. Kafin yanke hukunci dole a bayyana wa kowane ɓangare muhimman abubuwan da za a dogara da su, a ba shi damar kare kansa. Binciken yakan kammala cikin shekara ɗaya, kuma ko ta halin ƙaƙa ba zai wuce watanni 18 ba. Harajin da aka ɗora yana faɗuwa bayan shekaru biyar, sai dai in an sake nazari kafin wa'adin aka tabbatar cewa cire shi zai dawo da jibgewa da illa. Dole kuma a samar da kotu mai zaman kanta da wanda bai gamsu ba zai kai ƙara.

Waɗannan wa'adi da sanarwa ba ado ba ne. Ƙasashe da yawa sun faɗi a shari'ar WTO ne saboda sakaci a irin waɗannan matakai, ba don masana'antarsu ba ta cutu ba.

Nawa za a ɗora, wa zai biya

Harajin ba zai wuce ratar farashi ba, amma doka ta ƙarfafa a ɗora ƙasa da haka idan hakan zai isa ya kawar da illar. A misalin da ya gabata, idan ƙarin kashi 12 cikin ɗari zai ba masana'antar gida damar sayarwa da riba daidai gwargwado, babu dalilin ɗora 25. Tarayyar Turai da Indiya na cikin masu aiki da wannan ƙa'ida. Akwai kuma hanyar sulhu, inda kamfanin waje zai ɗauki alkawarin ɗaga farashinsa a maimakon biyan haraji.

Ina ganin wajibi ne kowace ƙasa mai tasowa ta sa a dokarta cewa sai an auna maslahar jama'a kafin a zartar, ko da yake WTO ba ta tilasta hakan ba. Dalili shi ne mafi yawan waɗannan haraji suna hawa ne kan kayan da wasu masana'antu ke amfani da su, kamar ƙarfe da sinadarai da roba da zare, kuma ba abin mamaki ba ne a ceci ayyuka a masana'anta ɗaya a jefa waɗanda suka ninka su cikin haɗari a masana'antun da ke sayen kayanta. Idan kuma abinci ne, talaka ne zai biya. A 2022 Afirka ta Kudu ta kammala bincike a kan naman kaji daga Burazil da wasu ƙasashen Turai huɗu, ta samu hujjar jibgewa, amma gwamnati ta dakatar da ɗora harajin har watanni 12 saboda tsadar abinci a lokacin, sai a 2023 ya fara aiki. Ko mutum ya yarda da wannan shawara ko bai yarda ba, an yanke ta ne a fili, da dalilin da kowa zai iya aunawa.

Matakin kariya a cikin yarjejeniya

A nan akwai abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai matakin kariya na gama-gari na WTO, wanda wa'adinsa na farko bai wuce shekaru huɗu ba, jimlarsa shekaru takwas, ga ƙasa mai tasowa kuma goma, na gaggawarsa kwanaki 200, kuma idan ya wuce shekara ɗaya dole a riƙa sassauta shi lokaci bayan lokaci. Akwai kuma matakin kariya na cikin yarjejeniya, wanda ya shafi kayan abokin yarjejeniya kaɗai, kuma galibi abin da ya yarda da shi shi ne a dakatar da rage haraji ko a mayar da shi matakin da sauran ƙasashe ke biya, na 'yan shekaru, sau da yawa a lokacin sauyi kawai, wato shekarun da ake rage harajin a hankali. Idan ambaliyar ta biyo bayan rage harajin da yarjejeniyar ta kawo ne, na biyun ya fi dacewa, ya kuma fi sauƙin karewa.

Duk da haka ba a yin sa da garaje. A 2018 ƙasashen tarayyar kwastam ta kudancin Afirka sun ɗora ƙarin kashi 35.3 cikin ɗari a kan naman kaji mai ƙashi daga Tarayyar Turai a ƙarƙashin yarjejeniyar da ke tsakaninsu, Turai ta ƙalubalanci matakin, kuma a 2022 kwamitin sasantawa ya samu cewa matakin ya wuce gwargwadon abin da ake buƙata, kuma tazarar da ke tsakanin binciken da zartarwa ta yi yawa. Darasin shi ne a yi aiki da sababbin alƙaluma, a kuma nuna lissafin da ya kai ga adadin da aka zaɓa.

Idan kuwa na gama-gari aka ɗauka kuma ana so a keɓe abokan yarjejeniya, to kada a ƙirga kayansu a lissafin illa sannan a cire su a lokacin ɗora haraji. Ajantina ta faɗi a kan wannan a shari'ar takalma a 1999, Amurka ma ta faɗi a kansa a shari'ar ƙarfe a 2003, ta janye matakinta a Disambar wannan shekara.

Idan ku ake tuhuma

Ƙasa mai tasowa da ta fara fitar da kaya za ta tsinci kanta a ɗaya ɓangaren. Babban gargaɗi shi ne kada kamfani ya yi watsi da takardar tambayoyi, domin wanda ya ƙi ba da haɗin kai ana yanke masa hukunci da bayanan da ke hannu, waɗanda galibi na mai ƙorafi ne, kuma harajinsa yakan fi na kowa. A nemi ƙarin lokaci a rubuce idan ana buƙata, a tabbatar kowane adadi da aka bayar yana da takarda a bayansa. Gwamnati kuma ta shiga binciken a matsayin mai ruwa da tsaki, ta nemi rangwamen da doka ta ba ƙasashe masu tasowa: ba a ɗora matakin kariya na gama-gari a kan wadda kasonta bai wuce kashi 3 cikin ɗari ba, muddin irinsu a haɗe ba su haura kashi 9 ba, a binciken tallafi kuma dole a sallame ta idan tallafin bai wuce kashi 2 ba, ko kasonta bai kai kashi 4 ba bisa irin wancan sharaɗi. Indiya ta nuna cewa ana iya yin nasara, lokacin da ta kayar da Turai a 2001 a shari'ar zanen gado, inda aka haramta salon lissafin da ke mayar da cinikin da babu karya farashi a cikinsa sifili don ratar ta kumbura. Ƙasar da ba ta da ƙwararrun lauyoyi tana iya neman taimakon cibiyar ba da shawara a kan dokokin WTO da ke Janiba, wadda aka kafa a 2001 domin ƙasashe masu tasowa.

Abin da za a nema a teburin tattaunawa

Tun ran gini tun ran zane, saboda haka yawancin abin da zai yiwu daga baya ana yanke shi ne a lokacin rubuta yarjejeniya. Masu tattaunawa su nemi matakin kariya na cikin yarjejeniya ya daɗe fiye da lokacin sauyi, domin illar soke haraji takan bayyana ne a ƙarshen jadawali ba a farkonsa ba. Su nemi sharaɗi mai sauƙi ga kayan gona da masana'antu masu tasowa, da jinkirta haƙƙin ramuwa na 'yan shekaru, wato damar da abokin yarjejeniya ke da ita ta ɗaga haraji a kan kayansu idan sun ɗauki matakin kariya, da sanarwa da tattaunawa kafin abokin yarjejeniya ya buɗe bincike a kan kayansu. Kada su yarda da soke harajin hana jibge kaya sai in akwai dokar gasa mai aiki a ɓangarorin biyu da za ta maye gurbinsa. Su kuma lura da inda za a kai ƙara, domin yarjejeniyoyi da yawa sun cire batun jibge kaya daga tsarinsu na warware saɓani sun bar wa WTO, alhali kotun ɗaukaka ƙara ta WTO ta daina sauraron sababbin ƙararraki tun Disambar 2019 saboda rashin naɗa alƙalai, abin da ke ba wanda ya faɗi damar ɗaukaka ƙara ya bar hukuncin a rataye. Idan abokin tattaunawar ba ya cikin tsarin sasantawa na wucin gadi da wasu mambobi suka kafa a 2020 don cike wannan giɓi, to a nemi a rubuta a cikin yarjejeniyar cewa za a iya kai waɗannan batutuwa gaban kwamitin sasantawarta, kuma hukuncinsa ya hau kan ɓangarorin biyu.